Tagar Da Baba Ya Hana Ta Rufuwa

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da hantsi, Wanda ya ba mu aron Baba Taga ya karɓi abinsa. Nasa muke, kuma wurinsa kowa zai koma, da mai walda da wanda aka yi wa waldar. An same shi zaune a kan kujerarsa ta ƙarfe a bakin shago, baƙin tabarau a goshi, kofin shayi a gefen ƙafarsa bai ko huce ba. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya.

Na fara da wannan ne saboda masu tambaya. Baba, ba a gama rufe ka ba wani ya matso kusa da ni, ya rage murya kamar mai cinikin kayan sata, ya ce, "To wai a cikin biyun wanne ne ya tafi da shi?" Na ce masa, "Babu ko ɗaya. Suna can su biyun suna cizon yatsa." Darajar wurin ce ta sa na tsaya a nan, don bakina cike yake da sauran amsar. To ga ta yanzu a rubuce, mai karatu ya karanta wa marar karatu. Baba Taga ya yi fiye da shekara ashirin da cutar nan mai karya garkuwar jiki, bai taɓa ɓoyewa ba. Tarin fuka ya kama shi tun farkon lamarin, ya sha magani ya warke sarai. Ya aurar da 'ya'ya, ya ga jikoki, ya yi furfura har a gira, ya kuma tafi da tumbinsa cif. Wanda wannan labarin bai yi wa daɗi ba, ya je ya nemi wata gulmar.

Ni mai sayar da tsofaffin littattafai ne a bakin titi. Makaranta ba ta daɗe da ni ba, ni ma ban daɗe da ita ba. Ɗan abin da na sani a kan tabarmar kasuwa na tsince shi, don duk littafin da ya zo hannuna sai na karanta kafin in sayar, wani ma in na karanta sai in ƙi sayarwa. Ranar da na fara ganinka, Baba, ita ce ranar da na koma asibiti bayan an gaya mini abin da ke cikin jinina. Ina zaune a ɗakin jira, ina jin haushin kowa: haushin benci, haushin agogon bango, haushin mutumin da ke kusa da ni don kawai yana cin gyaɗa. Iska tana shigowa ta taga tana bugun ƙeyata, na tashi na rufe. Sai wani ƙaton tsoho mai riga duk hudar tartsatsi ya taso ya buɗe. Na rufe, ka buɗe. Na sake rufewa, ka sake buɗewa, kana murmushi kamar an biya ka.

Na ce, "Kai tsoho, tagar ta ubanka ce?"

Ka ce, "Ba ta ubana ba ce, ɗana, amma ni na haɗa ta. Kuma ban haɗa ta don a rufe ba."

Ɗaki ya fashe da dariya. Na buɗe baki in rama, tari ya riga ni. Ka jira har na gama, sannan ka zauna kusa da ni ka tambayi tun yaushe. Na ce ƙurar littafi ce. Ka ce to madalla, ashe ƙurar littafi tana sa zazzaɓin yamma, tana sa gumin dare har mutum ya matse riga. Ban gaya maka ina gumi ba. Sannan ka nuna bel ɗina da yatsa, inda na yi sabuwar huda da ƙusa don wando ya daina zamewa, ka ce, "Wannan ma littafi ne ya huda?" Kafin in shirya amsa ka kama hannuna ka kai ni wurin Sista, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da mu, aka ba ni ɗan gwangwanin roba aka ce in fita waje in tofa kaki a ciki. Sakamako ya fito: tarin fuka.

Daga baya na gane ba ma'aikacin asibiti ba ne kai. Mai walda ne kawai da ke rufe shagonsa ranar da ake ganin sababbi, ya zo ya zauna a cikinsu yana kasa kunne. Ka ce mini mutumin da aka gaya wa labari na farko ba ya jin na biyu. Kunnensa ya toshe, yana can yana tunanin wa zai gaya wa, wa zai guje shi, ga tari yana cin ƙirjinsa bai ma lura ba. Kai kuwa tarin kake saurare.

Na tambaye ka, cikin faɗa kamar kai ka ɗora mini, me ya sa guda ɗaya ba ta ishe ni ba sai an haɗa mini biyu. Bayanin da ka yi mini na karanta irinsa daga baya a littattafai masu dogayen kalmomi, amma naka ne ya zauna. Ka ce ta farkon ba ta ɗaukar ko cokali, aikinta kawai ta sallami mai gadi. Shi kuwa tarin, a ƙirjin mutane da yawa yana nan kwance tun da daɗewa yana barci, ba ya motsi don ya san akwai mai gadi a ƙofa. Ranar da ya leƙa ya ga kujerar mai gadi babu kowa, sai ya miƙe ya fara kwasar kaya. Ka ce maganin farko yana maido da mai gadi, shi kuma ana shansa muddin rai. Na biyu yana korar ɓarawo, wata shida ne, amma wata shida ba a cire masa ko kwana.

Na ce, "To in ɓarawo ne, wane mahaukaci ne ke buɗe wa ɓarawo taga?"

Ka ce, "Wannan ɓarawon ta taga yake fita."

A gidan Yayata nake zaune, a ɗan ɗakin baya da aka gina don ajiyar kaya. Ƙofa ɗaya gare shi, babu taga ko ta leƙen kyanwa. Washegarin fitowar sakamako sai ga ka da guduma da kurfi. Ka tsaya a bakin ƙofa ka ga littattafai jibge daga ƙasa har rufi, ka shaƙi iskar ɗakin ka yamutsa fuska, ka ce, "Ikon Allah. Tarin littafi a waje, tarin fuka a ciki. Kai Tari Biyu ne." Sunan ya bi ni har yau. Yaran unguwa da shi suke kirana, Sista ma wani lokaci sai ta duba kati kafin ta tuna na gaskiyan.

Mijin Yaya direban babbar mota ne, mutum mai son bangonsa. Ya fito ya tarar kana auna bangon da igiya, ya tambayi wa ya ba ka izini. Ka ja shi gefe. Ban ji duk abin da ka ce ba, na dai ji ka ambaci 'yarsa ƙarama da ke yawan shiga ɗakina tana wasa da hotunan littafi. Bayan ɗan lokaci sai na ga shi da kansa ya karɓi gudumar. A makon nan duk gidan suka je aka duba su, aka ba yarinyar maganin rigakafi. A ranar kuma ka ga kofina da cokalina da Yaya ta ware ta ɗaura musu jan zare. Ba ka yi mata wa'azi ba. Ka ɗauki kofin ka ɗebi ruwa ka sha, ka ce, "'Yata, ba a kofi yake ba, a iska yake. Ki kwance zaren nan ki ɗinke masa aljihu da shi." Yaya ta yi dariya da hawaye tare.

Ka fasa bango, ka kafa firam, ka sa ƙarafuna don ɓarayin gaske, ka sa raga don sauro. Na tsaya ina jira ka rataya ƙyaure. Sai na ga kana tattara kayan aiki.

Na ce, "Baba, ina ƙyauren?"

Ka ce, "Yana shago. Ranar da Sista ta ce ka gama, ka zo ka ɗauka."

Ashe haka kake yi wa kowa. Duk wanda ya bi ta shagonka ya ga ƙyauraye jere a jikin turken rumfa, kowanne da sunan tsokana an rubuta da alli, ya ɗauka kayan sayarwa ne. Ba na sayarwa ba ne, fursunoni ne. Kowane ƙyaure yana da mai shi, yana can wani ɗaki yana kwana da iska yana tsine maka. Ka ce ka gwada ba mutane taga da ƙyaurenta, ka tarar duk wanda ka ba ya rufe ta tun daren farko, wai sanyi yana ƙara tari. Ka ce kai ba za ka iya bin kowa gida ba, amma ramin da ba shi da marfi ba ya buƙatar mai tsaro.

Har yau ina kan bakana, Baba: wannan fin ƙarfi ne. Wani ruwan bazara da ya sauko ba zato ya jiƙa mini ƙamus guda da rabin littafin tarihi. Na kwaso su suna ɗiga na kawo maka shago na zube a gabanka, na faɗi maganganun da ba zan maimaita su a takardar ta'aziyya ba. Ka saurara har ƙarshe kana gyaɗa kai kamar mai jin waƙa, ka ce, "Huhun da ya yi wannan ihun ya fara warkewa." Da yamma ka zo ka yi wa tagar 'yar rumfar kwano. Ƙyaure dai ka hana.

Kullum da safe, kafin mu sa komai a ciki, a bencin shagonka muke haɗuwa, mu masu ƙyaure a turke. Kai kana kan kujerarka da butar ruwa, kowa ya haɗiye ƙwayoyinsa a gabanka, sannan ka ce, "Aaa." Gandama-gandaman mutane masu gemu suna buɗe baki suna ɗaga harshe kamar 'yan tsaki. Wanda bai zo ba kuwa, ka san hanyar gidansa, kuma ba a hankali kake sallama ba.

A bencin nan ne Dogo mai wankin mota ya zo wata safiya fuska duk ta faɗa, yana bin mu ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara. Ya ce shi tasa ta ƙare, jini yake fitsara, ja wur. Ya riga ya raba takalmansa ga ƙannensa. Ni kuwa na karanta 'yar takardar da ke cikin kwalin maganin, wadda kowa ke yarwa, na san ɗaya daga cikin ƙwayoyin ce ke rina fitsari, har da gumi da hawaye. Na gaya masa. Ya ce ƙarya nake. Kai ka yi dariya har tabarau ya faɗo daga goshinka, ka ce, "Dogo, kowa a bencin nan ja yake yi. Je ka karɓo takalmanka kafin su saba da ƙafar wani." Daga ranar ka naɗa ni mai karanta wa benci takarda. Kai ne mutum na farko da ya taɓa cewa in ɗaga murya in yi karatu, maimakon in rage murya in yi shiru.

Faɗanmu babba a wata na huɗu muka yi shi. Tari ya tafi, gumi ya tafi, na koma tsohuwar hudar bel, har kumatu na yi. Na gaji da ƙwayoyi, na gaji da tashin safe, na gaji da "Aaa." Na zo na ce maka na warke, jikina ne, ni na san shi, a ba ni ƙyaurena. Ka ce wannan shi ne watan da ya fi kashe mutane, ba na farko ba, don ɓarawon bai fita ba, laɓewa ya yi. Ka ce wanda ya tsaya a nan tarin yakan dawo masa, wani lokaci ya dawo ya riga ya san maganin, ba ya jin tsoronsa. A ranar kaɗai na ga fuskarka babu dariya. Ka ce akwai ƙyauraye a bayan shago da masu su ba su zo ɗauka ba, kuma ba ka son ƙari.

Na ce ko ka ba ni ko in ɗauka da kaina. Ka ce, "Bismillah." Na je turke na kama ƙyaurena na ja. Ko gezau. Na sa ƙafa na dafe turken na ja da ƙarfin da na ce na samu, rumfa ta girgiza, tsatsa ta zubo mini a ka. Sai na duba da kyau: ka ɗiga masa walda a jikin turken, sama da ƙasa. Nawa kaɗai, ban da na kowa. Na juyo, kana hura shayi. Ka ce, "Tun ranar da ka tambayi ko tagar ta ubana ce na san irinka." Benci ya kwashe da dariya, Dogo har da faɗowa ƙasa. Na tsaya ina huci, sannan na miƙa hannu na ce a ba ni ruwan.

Saura mini 'yan makonni in gama ka tafi.

Ba zan yi ƙarya ba, washegarin jana'izarka na farka da fushi irin na ranar farko. Na kwanta ina kallon ramin da ka fasa, ina cewa wannan wane irin mutum ne, ya tsare ni wata da watanni sannan ya zame ya bar ni a bakin gaɓa. Ƙwayoyin suna kan littafi kusa da kaina. Yaya ta leƙo ta gan su, ta gan ni, ta koma, sai na ji tana gaya wa mijinta a tsakar gida cewa ita tsoronta ɗaya, yanzu da babu mai ce masa "Aaa." Na san ba ita kaɗai ke wannan tunanin ba. Ni ma ina yinsa.

Ƙafata ce ta kai ni shagon, ba ni ba. Na tarar da benci a cike, kowa da ƙwayoyinsa a tafin hannu, ana kallon kujerar da babu kowa a kanta. Babu wanda ya iya fara sha. Shagonka jingine yake da gidanka, akwai 'yar taga a tsakani wadda Mama, matarka, take miƙo maka shayi ta ciki. Sai muka ji motsi. Hannu ya fito ta tagar riƙe da butar nan taka. Muryar Mama ta dishe da kuka, amma ta fito sarai.

Ta ce, "Tari Biyu, kai ne mai baki. Fara."

Na sha. Ta leƙo da jajayen idanunta ta ce, "Aaa."

Na buɗe baki, Baba. Dukanmu muka buɗe, muna dariya muna share fuska, Dogo yana cewa a duba masa ko hawayensa ja ne.

Bayan kwana biyu Mama ta kira ni ta ce ga damina ta matso, ta ji tausayin littattafaina, in nemo mai inji ya yanke mini ƙyauren in tafi da shi, ai saura kaɗan. Na ce, "Mama, so kike ya tashi ya biyo ni gida da sallamar nan tasa?" Ta ce ashe dai na yi hankali. Na ce ban yi ba, taurin kai ne ya sauya wurin zama.

Shekaranjiya na haɗiye na ƙarshe. Jiya Sista ta duba sakamakon gwajin kaki, ta ɗago ta ce babu komai, ƙirji ya washe, sai dai in riƙe ɗaya maganin kamar yadda ka riƙe naka. Ban nemo mai inji ba. Na ɗauki zarton ƙarfenka na hannu, na durƙusa a gindin turke na yi ta gurzawa har tafina ya yi ruwa. Waldarka ba ta wasa ba ce. Ka ɗiga ta kamar mai ɗaure giwa. Mijin Yaya ya taya ni ratayawa. Na rufe tagar sau ɗaya don in ji ƙararta, ta shige ƙwas, ko siririn haske babu. Aiki ne mai kyau. Na zauna a cikin duhun na ɗan lokaci, na ji ɗakin ya koma yadda ka same shi. Sai na tashi na buɗe, na sa ƙamus ɗin nan da ruwa ya kumbura na tokare ta.

Akwai sauran ƙyauraye a turke, masu su ba su gama ba. Yau da safe na je. Ban zauna a kujerarka ba, ta fi ƙarfina, amma na karɓi butar daga hannun Mama. Akwai wani sabo da Sista ta turo, ya zo yana harare-harare, ya ce shi ba yaro ba ne da za a duba masa baki. Na dube shi sama da ƙasa. Dogo ya raɗa mini cewa wannan sai an ɗiga wa nasa walda.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, wadda ta bar mana mijinta shekara da shekaru ba ta taɓa ƙorafi ba sai a kan shayin da muke shanye mata. Ina miƙa ta ga 'ya'yansa da jikokinsa, ga Sista da abokan aikinta, ga 'yan benci na da da na yanzu, da duk wanda ke kwana a ɗaki mai iska a sanadinsa. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku a inda ya saba tsayawa. Waɗanda ƙyaurayensu ke bayan shago, Allah ya jiƙansu, ya haɗa su da mai tsare musu kaya.

Kai kuma Baba, Allah ya gafarta maka, ya yafe kurakuranka, ya sa ciwon da ka ɗauka da dariya ya zama kankarar zunubi. Kowane numfashi da muka ja babu zafi, Allah ya sa maka shi a mizani. Ya yalwata makwancinka, ya haskaka shi, ya buɗe maka taga zuwa Aljanna, iskarta tana shigo maka safe da yamma. Ita ma, ya Allah, kada a sa mata ƙyaure.

Amin.